Yaya Kellu da Tabon da Ba Ta Ɓoye Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma, ko ya shirya ko bai shirya ba. Ranar Talata, goma ga watan Safar, wanda ya yi daidai da ashirin da shida ga Agusta, 1958, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata Kellu, matar Malam Jalo, a gidansu da ke bayan kasuwar Azare. Shekarunta arba'in da tara ne ko hamsin, don iyayenmu da suka taso daga Barno ba su rubuta ba. Ta bar mijinta, da 'ya ɗaya, Saudatu, da jikoki uku, da ni ƙanenta Bunu, malamin ɗakin magani, wanda ta goya bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Yau kwana tara da binne ki, Yaya. Na so in yi shiru kamar yadda ya kamaci mai makoki, in karɓi gaisuwa, in ce haƙuri sai ma'abucinsa, in koma bakin aikina. Amma an yi wata magana a kan tabarmar makokinki wadda ta ƙi wuce mini a wuya. Kawu Zarami, ƙanen mahaifiyarmu, mutumin da ban taɓa zama a gabansa da takalmi ba, ya ce a cikin jama'a: "Da an bar ta yadda Allah Ya halicce ta, da yanzu tana nan. Wuƙar Nasara ce ta ci ta, kuma Bunu ne ya kai ta." Ba a musu da babba a zaure. Da a kaina maganar ta tsaya, wallahi da na haɗiye ta. Sai dai a kan wannan magana ne Kawu ya janye yardar da ya yi a kai 'yarsa Meram asibiti. Meram kuwa tana nan cikin gidanki, da maƙoƙon da ya fi naki na da, ana jin numfashinta daga tsakar gida. Saboda ita nake wannan rubutu, kuma na san ke ma da kina da baki, abin da za ki sa ni ke nan.

Wanda bai san ki kafin shekarar 1947 ba, bai san abin da ake magana a kai ba. Maƙoƙon ya fara miki ne bayan haihuwar Saudatu, ɗan ƙarami, ba ya ciwo. A ƙasarmu, daga Katagum zuwa Gololo, wa ke lissafa wannan a cikin cuta? Kowace unguwa akwai mace biyar ko shida masu shi, har wasu tsofaffi kan ce ƙaramin ado ne ga wuyan mace. Naki bai tsaya a ado ba. Wanzami ya yi miki tsaga, ya kafa ƙaho har sau uku. An sha rubutu, an ɗaura laya, an shafa sassaƙe iri-iri. Shekara goma sha yana girma, har ya sauko ya zauna a kan ƙirjinki. Kika daina kwanciya rigingine, kina barci a zaune, kin jingina da bango. Tuwo ya daina wucewa sai an dama shi ya koma kunu. Sana'arki ta turaren wuta, wadda kika gada wurin kakarmu, ta gagare ki, don hayaƙi kaɗan sai ya shaƙe ki.

Duk wannan kin daure. Abin da ya karya miki zuciya sujada ce. Kina kai goshi ƙasa sai numfashi ya ɗauke, fuskarki ta yi baƙi, sai an ɗago ki. Ranar da kika aiko aka kira ni, a kan sallaya na same ki, kika ce: "Bunu, wuyan da ya hana ni kai goshi ƙasa, me zan yi da shi? Ka kai ni inda ake yanka shi." To, jama'a su ji: ba ni na ja ki ba. Ke kika ja ni, ina tsoro, ina kawo dalilai. Malam Jalo ya yi kwana uku yana istihara, sannan ya ce mu tafi babban asibiti.

Bari in faɗi abin da aka yanka, tunda masu maganar ba su taɓa tambaya ba. Kowane ɗan Adam, namiji da mace, har da Kawu, yana da wata 'yar tsoka a gaban wuyansa, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. Ɓari biyu gare ta, dama da hagu, da 'yar gada a tsakani, ta kwanta a kan hanyar numfashi ta rungume ta. Ga mai lafiya ba a ganinta, ba a ko jin ta da hannu. Aikinta ta riƙa zuba wani ruwa a cikin jini, shi ke daidaita wutar jiki. In ruwan ya yi yawa, mutum ya yi ta ci yana ramewa, ga gumi, ga faɗuwar gaba, hannu na rawa, wani har idanunsa su firfito. In ya yi kaɗan, mutum ya yi ta jin sanyi cikin bazara, jiki ya mutu, fuska ta kumbura, magana ta yi nauyi. In yaro ne, girma da wayo duk su tsaya. Kuma ba ta iya yin ruwan nan sai da wani sinadari, aidin, wanda jiki ke tsinta kaɗan-kaɗan daga abinci da ruwan sha. Baturen likitan da ya yi miki aikin ya ce ƙasar da ta yi nisa da teku irin tamu sau da yawa ba ta da shi isasshe. In tsokar ta rasa, sai ta yi ta ƙoƙari tana kumbura don ta kamo ɗan abin da ke akwai. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Ba gashi ba ne da mace ta haɗiye a cikin tuwo, ba kambun baka ba ne, ba kuma ɗakin aljani ba ne. Na gan shi da idona a cikin tasa bayan an ciro shi, nama ne ja, babu kowa a ciki.

Amma akwai abin da ban sani ba sai a kanki. A bayan wannan tsoka akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi huɗu a manne, biyu ta kowane ɓari, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba, launinsu kusan na kitse. Aikinsu dabam ne. Su ne ke tsare ma'aunin wani sinadari mai kama da alli a cikin jini, wanda likitoci ke kira kalsiyam, shi ne ƙashi ke ginuwa da shi, kuma yana da yawa a nono. In ya ragu a jini, jijiyoyi sai su rikice su riƙa ɗaurewa da kansu. Kwana uku da yi miki aiki kika ce leɓunanki na yi miki kamar tafiyar kiyashi. Kafin azahar yatsunki suka haɗe wuri ɗaya, babban yatsa ya shige ciki, kamar mai shirin yanko lomar tuwo, suka ƙi buɗewa. Likitan ya zo ya yi miki allura, hannun ya saki nan take. Sannan ya kira ni waje, bai ɓoye mini kome ba. Ya ce kumburin ya riga ya haɗiye ƙwayoyin, ya nema, ɗaya kaɗai ya gani, ita ma da alama ba ta rayu ba. Ya ce za ki sha magani har ƙarshen ranki: farar ƙwaya, da wani mai da ake ɗigawa a cokali, da nono kullum.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka aka yi, kuma ban taɓa cewa ba a yi ba. Da na shiga na gaya miki, ina jin kunya kamar ni na riƙe wuƙar, sai kika ce in matsa. Kika sauko daga gadon ƙarfe, ɗinki a wuya, kika kai goshinki ƙasa. Kika daɗe a nan. Da kika ɗago, abin da kawai kika ce shi ne in nemo miki tuwo mai tauri.

Da muka dawo Azare, farkon ranar da hannun ya ɗaure a gaban mata, gari ya ɗauka. Aka ce ai dama an faɗa: an rushe wa aljani ɗakinsa, ya koma hannu. Wata ta zo da garaya a ɓoye cikin zane, wata ta zo da turaren korar iskoki, a gidan mai turare! Kina zaune hannuwa a dunƙule, kika bar su suka gama hayaƙinsu, sannan kika sa Saudatu ta ɗiga miki magani, ta kafa miki ƙwaryar nono a baki. Da yatsun suka saki, kika dube su da muryar nan taki da ta dushe tun daga aikin, kika ce: "Aljanin da nono ke lallashi ai ba aljani ba ne, ɗan maraƙi ne." Har yau akwai matan da ba su yafe miki wannan dariya da aka yi musu ba.

A nan dole in ambaci Malam Jalo. Shanunsa na daji wurin 'yan'uwansa, amma tun daga wannan shekara bai taɓa barin gidan babu saniya mai tatsa ba. In wannan ta ƙafe, ya taka har ruga ya koro wata. Dattijo mai furfura, shi ke tsugunawa ya tatsa da kansa, maza na wucewa suna gulma. In hannun ya ɗaure, shi ke ɗumama ruwa ya tsoma shi, ya riƙa murza yatsa ɗaya-ɗaya yana karatu a hankali. Na sha shigowa in tarar da ku haka, in koma zaure in jira.

Tabon kuwa, daga wannan gefe zuwa wancan, ba ki taɓa rufe shi ba. An kawo miki murjani, an kawo tsakiya, an ce ki sa don kunya. Kika raba wa 'yan mata. Kika koma kan turarenki, kuma da yake babu amaryar da za a kai ɗaki a wannan yanki ba a zo wurinki ba, wuyan 'yan matan Azare duk sai da ya bi ta gabanki. Nan kika buɗe naki asibitin ba tare da izinin kowa ba. Yarinya na shigowa da uwarta, sai ki miƙa mata moɗa ki ce ta sha ruwa, ai ta sha rana. Tana haɗiya kina kallon wuyan. Ni na gaya miki sau ɗaya cewa kumburin wannan tsoka yana hawa ya sauka in an haɗiyi abu, na kaluluwa kuwa ba ya motsi. Kika riƙe, har kika fi ni ido. In kin gani, sai ki ja uwar gefe, ki ɗaga haɓa ki nuna mata tabon, ki ce: "Kin ga wannan? Da an san ni da wuri, da ɗigo ya ishe ni. Ki kai ta wurin Bunu gobe."

Suna zuwa, sai wata rigimar. Mutanenmu sun san aidin, amma a kan gyambo suka san shi, mai zafin nan da ake zuba wa ƙafar jaki. Da na ce ɗigo za a sa a ruwa a sha, sai uwa ta ja 'yarta ta fita tana cewa malamin asibiti ya zautu. Na yi bayani har na gaji, cewa na sha haɗinsa dabam ne, kuma da awo ake ba da shi. Ba wanda ya saurare ni. Ke kika yafa gyale kika zo, kika zauna a kan benci tsakiyar mata, kika ce in ɗiga miki. Kika shanye, kika goge baki, kika ce ko kunun kanwa ya fi shi ɗaci. Daga ranar suka fara karɓa. Ba zan ce duk sun warke ba, don wasu sun makara, wasu sun watsar. Amma akwai matan aure a garin nan yau, masu goyo, da wuyansu sumul, waɗanda suka zo gaisuwa suka zauna a bayan ɗaki suna kuka, kuma sun san dalilin kukansu.

Har wasa kika mai da abin. Jikokinki sun san in maganin ya yi ƙasa a jikinki, ana ƙwanƙwasa gaban kunnenki sai gefen leɓe ya yi tsalle. Sukan hau cinyarki su yi ta ƙwanƙwasawa suna ƙyalƙyala dariya, ke kuma kina hararar su da wasa. Ni kaɗai ne ba na dariya, don na san abin da tsallen yake nufi.

Shekara goma sha ɗaya, Yaya. A cikinsu kika aurar da Saudatu, kika yanke wa jikoki uku cibi, kika kwanta rigingine, kika ci tuwo, kika yi sujada sau nawa Allah kaɗai Ya sani. Ga abin da wuƙar ta ci.

Yanzu ga nawa laifin, tunda ana neman mai laifi. Maganinki kan zo ne a mota duk wata uku, daga asibitin da aka yi miki aiki. Na san damina, na san kogin Jama'are in ya cika ba ya jin roƙo. Kamata ya yi tun bazara in nemi ninki biyu in ajiye. Shekara goma ina yin haka, bana na yi sakaci, na ce ai ana gyaran hanya. Ruwa ya zo ya yanke ta mako biyar. Man maganin ya ƙare, ƙwaya ta ƙare, nono kuwa shi kaɗai ba ya riƙe jiki. Allura uku nake da su a ajiye, na yi miki ta ƙarshe ranar Juma'a. Ranar Talata da hantsi kina zaune kina tsintar itacen turare, hannun ya ɗaure, sannan ƙafa, sannan abin da nake tsoro tun shekara goma sha ɗaya: maƙogwaro ya rufe. Na iso da gudu da jakata, babu kome a cikinta da zai amfane ki. Malam Jalo na riƙe da kanki yana maimaita kalmar shahada, leɓunanki na bin sa. Kin yi ƙoƙarin ɗaga yatsa, yatsan ya ƙi. Wannan zan tafi da shi kabarina, kuma ina roƙon Allah Ya yafe mini. Amma sakacin Bunu ne da cikar kogi, da ajali wanda ba ya jinkiri. Kawu ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, ya san babu mai cewa "da an bar ta da tana nan" a kan ran da Allah Ya riga Ya ƙayyade wa kwana.

Abin da ya faru a wurin wanka, Saudatu ce ta gaya mini. Tsofaffi biyu da suka saba wankan gawa a unguwar suka shiga, suka ga hannuwanki a dunƙule, suka ja da baya. Suka ce hannun da ya mutu a rufe da abin da ya riƙe, ba za su taɓa ba. Matar da ta ƙamsasa ɗakunan 'ya'yansu, ita ce yau ake ƙyama. Sai Meram ta miƙe. Mako uku ke nan da ta zo daga Katagum ta sauka a wurinki tana jiran wannan motar, don ke kika yi shekara biyu kina bin Kawu har ya yarda. Ta ce a ɗumama ruwa. Ta tsuguna, ita da ba ta iya sunkuyawa, ta tsoma hannunki, ta riƙa murzawa yadda ta ga Malam na yi. Ta buɗe yatsa ɗaya, ta ɗaga kai ta nemi numfashi, ta koma kan na biyu. Haka har goma. Ta shimfiɗa tafukan a gaban tsofaffin, ta ce su duba abin da aka riƙe. Babu kome sai ƙamshin turare.

Bayan sadakar bakwai ta same ni a ɗakin magani. Meram taubashiyata ce, da can ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba, yanzu numfashin tsokana ma ya gagare ta. Ta ce: "Malam Bunu, shekara nawa Yaya ta yi bayan wuƙa?" Na ce goma sha ɗaya. Ta ce: "Ni a haka, nawa kake gani?" Na ce sani sai Allah, amma in ga abin da idona ya nuna mini ne, ba na jin za ta ga wata daminar. Ban yi mata zaƙin baki ba. Na gaya mata ana mutuwa a kan teburin aikin, ana rasa murya, ana rasa ƙwayoyin nan huɗu kamar yadda kika rasa, ko da yake da yawa suna fitowa lafiya lau. Ta saurara har na gama, ta ce: "Na ga tabon, na taɓa shi da hannuna. Ka nema mini wuri a gaban mota." Mijinta Saleh ya bar komarsa ta kamun kifi a bakin kogi ya zo, ya ce ya yarda.

Ruwa ya janye. Motar ta iso jiya, Yaya, kwana takwas bayan ki. Ga kwalin maganinki a kan teburina, da sunanki a rubuce. Ban buɗe shi ba.

Ya Allah, Ka ji ƙan Kellu, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta kamar yadda Ka yalwata mata numfashi bayan ƙunci. Ka karɓi sujadar da ta ba da wuyanta don ta samu. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka ba ta littafinta a hannun dama, hannu a buɗe. Ka haɗa ta da iyayenmu a Aljanna Firdausi, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Jalo, wanda har yau yake tatsar saniyar da safe, ya rasa wanda zai miƙa wa ƙwaryar. Allah Ya saka masa, Ya ba shi haƙuri. Ga Saudatu da 'ya'yanta, da dangi na Azare da Katagum da Dambam, da matan da suka sha ruwa a moɗarta, Allah Ya ba mu dangana baki ɗaya.

Ga Kawu Zarami kuma, wanda ya rasa 'yar yayarsa, kuma na san tsoron rasa tasa 'yar ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa: Kawu, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya ƙara maka girma. Motar za ta juya ranar Litinin da safe. Ni da Saleh da Meram za mu tsaya a ƙofar gidanka, mu cire takalma, mu durƙusa. Albarkarka muke roƙo, kuma Meram ta fi son ta tafi da ita. In ka fito ka sa mana, mun gode wa Allah. In ba ka fito ba, za mu gai da ƙofar mu wuce, don wuyan nan ba ya jiran kowa ya huce. Zan tsaya a kan likita ya nemi ƙwayoyin nan huɗu da idon basira. Kwalin Yaya Kellu kuwa da shi za mu tafi, a kan cinyata. Ya makara mata, ba zai makara wa Meram ba.

Ƙanenki,
Bunu